Fitilar mararraba da gardamar unguwa

1. Safiya a mararraba

Mararraba ita ce wurin da hanyoyi biyu ko fiye suka haɗu. A manyan garuruwa kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, mararraba ba ta hutawa. Tun da sassafe ake soma kai da kawowa. Ga taksi, ga manyan motocin kaya, ga ƴan kabu-kabu, ga masu keke. Ga amalanken jaki ɗauke da itace, ga ɗan ga-ruwa yana tura kurarsa. A gefe kuma ƴan makaranta suna tsaye da jakunkunansu, suna jira su ƙetare.

Dukansu wuri guda suke son bi, wato tsakiyar mararraba. Amma wurin ba ya ɗaukar kowa a lokaci guda. Tilas wani ya tsaya, wani ya wuce. To, wa zai fara wucewa?

Akwai dabaru da dama na raba wannan gardama. Ta farko ita ce ƙa'idar hannun dama: inda babu wata alama, direba yakan bar wanda ya fito ta damarsa ya fara wucewa. Ta biyu ita ce ɗan sanda mai ba da hannu. Ta uku ita ce fitila mai launi uku, wadda wasu ke kira danja.

Ranar da aka kafa sabuwar fitila a unguwa, mutane sukan yi murna. Amma sau da yawa, kafin a yi wata guda, sai surutu ya tashi. Wasu su ce fitila ta kawo lafiya, wasu su ce cunkoso ta kawo. Domin a gane mai gaskiya, sai an san yadda fitilar take aiki.

2. Launi uku

Jar wuta tana sama. Ma'anarta: a tsaya cik a bayan farin layi.

Tsanwar wuta, wato koriya, tana ƙasa. Ma'anarta: a wuce, in hanya ta buɗe.

Wuta mai ruwan goro tana tsakiya. Ma'anarta: tsanwa ta ƙare, ja na tafe. Direba ya tsaya, sai fa in ya riga ya matso ƙwarai har taka birki ya zama haɗari. Idan kuwa ruwan goro kaɗai ke ƙyaftawa, yana kunnuwa yana mutuwa, to fitila ta daina rabon hanya. Kowa ya wuce a hankali, ya bi ƙa'ida.

A wasu wurare akwai ƙaramar fitila ta masu tafiya a ƙasa. Cikinta akwai hoton ɗan mutum. In ya yi ja, a dakata. In ya yi tsanwa, a ƙetare.

Jerin launukan ba ya sakewa: ja a sama, tsanwa a ƙasa. Wannan yana taimakon mutanen da idonsu ba ya bambance ja da tsanwa sosai. Su sukan dubi wurin da wutar ta kama, sama ko ƙasa.

Kusa da fitila akwai wani akwatin ƙarfe. Cikinsa akwai na'ura mai ƙidayar lokaci. Ita ce ke kunna wannan wuta ta kashe waccan. Na'urar ba ta da tunani. Abin da ma'aikata suka tsara mata, shi take maimaitawa dare da rana.

3. Asalin fitila

Fitilar hanya ta girmi mota. An kafa ta farko a birnin Landan na ƙasar Ingila, a watan Disamba na 1868, kusa da majalisar dokoki. A lokacin kekunan dawaki ne suka cika tituna, har ƙetare hanya ya zama wahala. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna John Peake Knight ne ya ƙago ta. Da rana tana da hannuwa da ake ɗagawa ana saukewa. Da dare kuma ana kunna fitilar gas, ja da tsanwa. Ɗan sanda ne ke tsaye yana juya ta. Ba ta daɗe ba: a watan Janairu na 1869 gas ya tsiyaye, fitilar ta fashe, ta ji wa ɗan sandan ciwo. Sai aka bar ta.

Da motoci suka yawaita, aka koma ga dabarar. A 1914 aka kafa fitila mai aiki da lantarki a garin Cleveland na Amurka, mai launi biyu, ja da tsanwa. A 1920 wani ɗan sanda na garin Detroit, William Potts, ya ƙara launi na uku a tsakiya, domin direba ya sami gargaɗi kafin ja ta kama. Birnin Paris ya sami fitilarsa ta farko a 1923: jar wuta guda ce, tare da ƙararrawa. A 1968 ƙasashe da yawa suka taru a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, suka yi yarjejeniya bisa alamun hanya. Shi ya sa direban da ya fito daga Agadas ya kai Kwatanu ba ya bukatar tafinta a gaban fitila.

4. Fitila tana rabon lokaci

A ce famfo guda ne a unguwa, ga layi biyu na masu ɗibar ruwa. Mai famfo ya ce: layin gabas ya cika bokiti biyar, sa'an nan layin yamma ya cika biyar. Faɗa ya ƙare, kowa ya san lokacinsa. Amma ruwan famfo bai ƙaru ba ko da ɗigo guda. In layin gabas ya fi tsawo, mutanensa za su daɗe a tsaye.

Haka fitila take. Ba ta ƙara faɗin hanya. Lokaci take rabawa tsakanin masu son wucewa. Duk sakan da ta ba wannan hanya, daga waccan ta ɗauko shi.

Ga misali da lissafi. Wata babbar hanya ta haɗu da wata ƙarama. An tsara fitilar ta yi zagaye guda cikin minti 1, wato sakan 60, kamar haka:

Babbar hanya: tsanwa sakan 25, ruwan goro sakan 3.
Ja ga kowa: sakan 2.
Ƙaramar hanya: tsanwa sakan 25, ruwan goro sakan 3.
Ja ga kowa: sakan 2.

Ana sa ja ga kowa ne domin motar ƙarshe ta fice daga tsakiya kafin a saki na ɗaya ɓangaren. Ke nan cikin kowane minti akwai sakan 10 da ba a ba kowa tsanwa ba. Cikin awa guda sun zama minti 10. Wannan shi ne kuɗin da ake biya don kada motoci su yi karo.

Masana hanya sun lura cewa, in motoci suna jere a layi guda, wajen mota 1 ce ke wuce fitila cikin kowane sakan 2. Direban farko kuma yakan ɓata kamar sakan 1 kafin ya tashi. Saboda haka tsanwa ta sakan 25 tana sakin mota 12.

Da hantsi, mota 8 ce ke isowa bisa babbar hanya cikin minti guda. Fitila tana iya sakin 12. Duka suna wucewa, babu mai kuka.

Da safe kuwa, lokacin tafiya aiki da makaranta, mota 15 ce ke isowa cikin minti guda. Fitila ta saki 12, saura 3. A minti na biyu wasu 3 su ƙaru. Bayan minti 10, mota 30 ke tsaye. Bayan minti 20, sun kai 60. In kowace mota ta ci mita 6, har da ratar da ke gabanta, tsawon layin ya kai mita 360. Ya fi filin ƙwallo uku in an jera su. Haka cunkoso yake farawa: rarar mota 3 kawai, amma kowane minti tana taruwa.

A wannan lokaci kuma, mota 4 ce kaɗai ke isowa bisa ƙaramar hanya cikin minti guda. Sakan 9 ya ishe su. Sauran sakan 16 tsanwa tana ci, babu mai wucewa. Direbobin babbar hanya suna tsaye, suna kallon hanya wayam. Abin da ke ba su haushi ke nan.

5. Taro a ƙofar gidan mai unguwa

A ce wannan fitila tana wata unguwa, tsakanin makaranta da kasuwa. Kuka ya yi yawa, sai mai unguwa ya kira taro bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi, kowa ya kawo tasa.

Direban taksi ya fara. Ya ce: "Ranka ya daɗe, da can ina wuce wurin nan ba tare da na tsaya ba. Yanzu sai fitila ta yi tsanwa sau uku ko huɗu kafin in kai gabanta. Mai yana ƙonewa a banza, fasinja suna sauka. A cire ta mu huta."

Mai tuyar ƙosai ta ce motoci sun tsaya a gaban teburinta, hayaƙinsu yana turnuƙe ta da masu saye. Mai shago ya ce layin motoci ya toshe masa ƙofa, masu kawo kaya ba su samun wurin sauke su.

Wani magidanci da ke zaune a lungun baya ya kawo wani kukan dabam. Ya ce ƴan kabu-kabu da wasu taksi sun daina bin fitila. Suna ratsawa ta lungunsu a guje, inda ƙananan yara ke wasa cikin rairayi. Haɗarin da aka kora daga bakin kwalta ya shigo ƙofar gidajensu.

Sai wata uwa ta miƙe. Ta ce: "Malam direba, ka faɗi gaskiyarka. Amma kafin fitilar nan, kullum safe sai na bar aikina na riƙe hannun yarana na ƙetarar da su. Wani lokaci mu daɗe a tsaye, babu motar da ke sassautawa. Yanzu ja tana tsayar mana da su. In an cire ta, wa zai tsayar?"

Shugaban makaranta ya goyi bayanta. Ya ce ƴan aji ɗaya ba su iya auna saurin mota da ido. Suna ganin mota can nesa, su zaci akwai sauran lokaci.

Wani tsoho mai sanda ya ce shi ma da fitila ya dogara. Ƙafarsa ba ta sauri. In ba a tsayar da motoci ba, ba ya iya zuwa masallacin da ke ƙetaren hanya.

Duk waɗanda suka yi magana sun faɗi gaskiya, sai dai kowa daga inda yake tsaye ya hango ta. Direba yana ƙidayar mintin da ya ɓata. Uwa tana tunanin ran ɗanta. Cunkoso abu ne da kowa ke gani kullum. Haɗarin da fitila ta hana kuwa ba ya ganuwa, tun da bai auku ba. Shi ya sa muryar masu kukan cunkoso takan fi ƙarfi a wurin taro.

Da mai unguwa ya ji ta bakin kowa, sai ya ce: "Jama'a, gani ya kori ji. Kafin mu kai maganar nan wurin magajin gari, sai mun ƙidaya."

6. Abin da ƙidaya ta nuna

Ƙidaya ba ta da wuya. Ana bukatar agogo, takarda da fensir. Mutum ya zauna nesa da bakin kwalta. Duk motar da ta iso, ya ja ɗan layi. A yi haka da safe, da hantsi, da rana tsaka da kuma maraice. A ƙidaya masu ƙetarewa a ƙasa su ma. A auna faɗin hanya, a duba sakan nawa yaro da tsoho suke yi kafin su kai ɗaya gefen.

A misalin nan, ƙidaya ta nuna an yi rabon lokaci daidai wa daida tsakanin hanyoyin da ba daidai suke ba. Sai direbobi suka kawo shawara: a ba babbar hanya sakan 37, ƙarama sakan 13. Da haka babbar hanya za ta riƙa sakin mota 18 cikin minti guda, ƙarama kuma mota 6. Cunkoso ya ƙare ke nan.

Amma akwai wanda aka manta. Masu tafiya a ƙasa suna ƙetare babbar hanya ne lokacin da motocinta ke tsaye. Faɗin hanyar mita 12 ne. Mai lafiya yana ƙetare ta cikin sakan 12 ko ƙasa da haka. Tsoho mai sanda kuwa sai ya yi sakan 20. A tsarin farko, motocin babbar hanya suna tsayawa wajen sakan 30, lokaci ya ishe shi. A tsarin direbobi, tsanwar ƙaramar hanya sakan 13 ce. In an haɗa da ruwan goro da ja ga kowa, sakan 18 ke nan. Za a saki motoci tsoho yana bisa kwalta.

Sai aka sake lissafi: babbar hanya sakan 33, ƙarama sakan 17. Yanzu babbar hanya tana sakin mota 16, alhali 15 ke isowa. Layi ba ya taruwa. Tsoho kuma yana da sakan 22, ya ƙetare lafiya. Direba bai sami duk abin da ya nema ba, amma ya daina kwana a layi. Da babbar hanya ta buɗe, masu ratsawa ta lungu su ma suka ragu.

Mutanen unguwa ba su taɓa akwatin fitila da hannunsu. Aikin hukuma ne. Nasu shi ne su rubuta abin da suka ƙidaya, mai unguwa ya kai ma'aikatar magajin gari. Takarda mai ɗauke da lissafi ta fi hayaniya shiga kunne.

7. Labarin garin Portishead

Wancan misali ne na koyo. Amma irin wannan gardama ta taɓa faruwa da gaske a wata ƙasa mai nisa, kuma a can ma ƙidaya ce ta raba ta.

Portishead ƙaramin gari ne a bakin teku, kusa da birnin Bristol, a kudu maso yammacin Ingila. A tsakiyar garin akwai mararraba da ake kira Cabstand, inda hanyoyi da dama suka haɗu kusa da juna. A 2004 hukuma ta kashe kuɗi mai yawa ta kafa fitilu a wurin. Amma in hanyoyi sun yi yawa, kowace sai ta jira sauran duka, kuma rabonta na lokaci ya ƙanƙance. Dogayen layukan motoci suka bayyana safe da maraice. Mutanen gari suka yi shekaru suna kai kuka wurin hukuma, suna rubutawa a jarida.

A watan Yuni na 2009, wata rana fitilun suka lalace na ƴan awoyi. Abin mamaki, sai layin motoci ya watse. Direbobi suka rage gudu, suna duban juna, wannan ya bar wancan ya wuce. Ganin haka, hukuma ta yarda a yi gwaji. A watan Satumba na wannan shekara aka kashe fitilun, aka rufe su, aka kafa alamun gargaɗi. Aka sa masana suna lura, suna ƙidayar motoci da lokacin jira. Sakamako ya nuna jira ya ragu ƙwarai. Da gwajin ya ƙare, ba a sake kunna fitilun ba.

Duk da haka, ba kowa ne ya ji daɗi ba. A Ingila, fitilun masu ƙafa da yawa suna yin ƙara idan lokacin ƙetarewa ya yi, domin makafi su ji. Inda aka kashe fitila, mai ido yana iya haɗa ido da direba, ya gane an ba shi hanya. Makaho ba ya iya haka. Ƙungiyoyin makafi na ƙasar sun sha nuna damuwarsu bisa mararrabar da ba ta da fitila.

Labarin Portishead bai nuna cewa kowace fitila banza ce ba. A can motoci ba su gudu sosai, tun da tsakiyar ƙaramin gari ne. Inda motoci ke sheƙa gudu bisa hanya mai faɗi, ga makaranta a gefe, fitila takan zama ita kaɗai ce ke buɗe wa mai ƙafa hanya. Kowace mararraba da irin maganinta.

8. Sauran magunguna

Bayan gyaran rabon lokaci, akwai wasu dabarun rage cunkoso.

Ana iya tsara wa fitila lokaci dabam-dabam: na safe, na rana da na dare. Cikin tsakar dare, in motoci sun ɗauke, a bar ruwan goro yana ƙyaftawa.

A wasu ƙasashe ana binne waya a ƙarƙashin kwalta. In mota ta tsaya bisanta, na'ura ta gane akwai mai jira. In babu kowa, ba ta ɓata tsanwa a banza. Masu ƙafa kuma suna da maɓalli da suke dannawa in suna son ƙetarewa.

Inda akwai fili, ana gina shataletale. Motoci suna zagaya shi a hankali, ba tilas kowa ya tsaya ba.

Inda motoci suka yi yawa ainun, ana gina gadar sama, wata hanya ta bi bisa wata. A Yamai an buɗe gadar sama ta Mali Bero a 2013. Sai dai irin wannan aiki yana da tsada ƙwarai, ba a yi wa kowace unguwa shi.

Fitila tana ci da lantarki. In wuta ta ɗauke, ta mutu. Shi ya sa ake haɗa wasu da faranti mai tara hasken rana. In ta mutu, ɗan sanda ya karɓi aikin. Ko fitila tana ci ma, in ɗan sanda yana ba da hannu, umurninsa ake bi.

Akwai kuma maganin da ba a sayen shi da kuɗi. Mai taksi kada ya ɗauki fasinja dab da fitila. Mai tebur ya ja da baya daga bakin kwalta. Direba kada ya shiga tsakiyar mararraba in ya ga gabansa a toshe, ko da tsanwa ta kama. Wanda ya kutsa ya maƙale a tsakiya ya tare hanya huɗu shi kaɗai. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

9. Ɗan makaranta a gaban fitila

Mota ba ta tsayawa nan take. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 cikin sakan guda. Kafin direba ya ga yaro, ya kai ƙafarsa ga birki, sakan guda ya wuce. Kafin motar ta tsaya cik, ta ci mita 25 ko fiye. In akwai rairayi ko ruwa bisa kwalta, nisan ya ƙaru. Babbar mota mai kaya ta fi haka ma.

Saboda haka ɗan makaranta mai hankali yakan tsaya a gefe, ba bisa kwalta ba. Yakan jira jar wuta ta kama motoci, ya kuma tabbata sun tsaya. Yakan dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu, ya lura da masu kwana daga ɗaya hanyar. Ba ya gudu, ba ya wasa, ba ya kurɗawa tsakanin motocin da cunkoso ya tsayar, don babur yana iya fitowa ta tsakaninsu. In ya tarar lokacin ƙetarewa ya kusa ƙarewa, sai ya jira zagaye na gaba. Minti guda ne kawai. Yakan riƙe hannun ƙanensa. In ya ga makaho ko tsoho, ya gaishe shi, ya ce: "Baba, in ƙetarar da kai?"

Abin riƙewa

Fitila ba ta ƙara faɗin hanya, lokaci take rabawa. In motocin da ke isowa sun fi waɗanda take saki yawa, cunkoso ya tashi. Kafin a ce a cire fitila ko a bar ta, sai a ƙidaya. Cikin ƙidaya kuma a sa yaro, da tsoho, da makaho.

Kalmomi: Hausa da Faransanci

mararraba: le carrefour
fitila mai launi uku: les feux tricolores
cunkoson motoci: l'embouteillage
mai tafiya a ƙasa: le piéton
ƙa'idar hannun dama: la priorité à droite
shataletale: le rond-point
gadar sama: l'échangeur
birki: le frein

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar kowane launi na fitila?
2. A wane gari aka kafa fitilar hanya ta farko? A wace shekara?
3. Don me ake sa ja ga kowa na ɗan lokaci?
4. Mene ne kukan direban taksi? Mene ne na uwar yara?
5. Don me ba a karɓi shawarar sakan 37 da sakan 13 ba?
6. Me ya faru a Portishead a 2009? Su wa kashe fitila yake ba wahala?

Lissafi

1. Wata fitila tana sakin mota 10 cikin minti guda, amma mota 14 ke isowa. Mota nawa za su taru bayan minti 15?
2. In kowace mota ta ci mita 6, mene ne tsawon layin?
3. Cikin kowane minti akwai sakan 10 da ba a ba kowa tsanwa ba. Minti nawa ke nan cikin awa 3?

Aiki

Ku tafi tare da malaminku mararraba mafi kusa da makaranta. Ku zauna nesa da bakin hanya. Ku ƙidaya motoci, babura, kekuna, amalanke da masu ƙafa na tsawon minti 10. Ku koma aji, ku zana mararrabar bisa allo, ku rubuta abin da kuka samu. Sa'an nan ku tattauna: wace dabara ce ta dace da wurin, kuma don me?